Zuberu Mainasara da Tutar da Ya Sauke

Daga Allah muka fito, kuma kowa da ranar komawarsa. Ta Alhaji Zuberu Mainasara ta zo ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, daidai da 11 ga Fabrairun 2025, da hantsi, a wani asibiti kusa da gidansa a unguwar Woolwich da ke London, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana ɓoye mana girmansa. Babban ɗansa Affan ne ya kira ni ina kan hanyar aiki. Affan haifaffen London ne, in ka yi masa Hausa sai ya mayar maka da Turanci, amma ran nan da Hausa ya yi magana. "Baffa Nata'ala, Baba ya rasu," ya ce, ya kasa ƙarasa komai. Washegari muka kai shi makwancinsa a maƙabartar musulmi da ke gabashin birni.

Na jinkirta wannan rubutu har muka shiga azumi, domin akwai wata magana da ya tafi ya bari a buɗe, kuma ban iya yin ta'aziyyarsa ina tsallake ta ba. Yanzu maganar ta rufe. Yadda ta rufe ɗin ne ya zaunar da ni na ɗauki alƙalami.

Yaya Zuberu, da faɗa muka fara sanin juna. Ina sabon zuwa, ina karanta labarai a sashen Hausa na gidan rediyo, sai na karanta cewa jirgin ruwan wata ƙasa ya nutse. Ko minti goma ban yi da fitowa daga ɗakin watsa labarai ba aka ce ana nemana a waya. Ko gaisuwa ba ka tsaya ka ƙarasa ba ka ce, "Kai ne Bazazzagen da ya gama yi wa duniya ƙarya? Jirgin nan ba na ƙasar da ka faɗa ba ne. Bai taɓa ganin gaɓarta ba. Tutarta kawai ya yi haya." Na ce to, ina Bakano ya san teku, mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga? Ka yi dariya har da tari, ka ce in zo gida ranar Asabar ka koya mini aikina. Na je don in rama, na dawo da ƙoshin tuwon shinkafa da kuma yaya. Tun daga ranar ba mu taɓa haɗuwa ba ba tare da ka tuna mini cewa Zage-zagi bayinku ne ba, ni kuma in tambaye ka ko ka koyi iyo. Har ka koma ga Allah ba ka koya ba.

A falon nan naka ka fahimtar da ni abin da ka yi rayuwarka kana yi. Ka ce jirgin ruwa ba ya fita teku sai da ƙasa a bayansa. Ƙasar da ta yi masa rajista ita take ba shi tutar da yake ɗagawa, dokarta ce take aiki a cikinsa ko yana tsakiyar teku, ita ce da alhakin duba lafiyarsa, kuma ita ake kamawa idan an zalunci ma'aikatansa. Ka ce in ina so masu saurarona su gane, in ce musu rajista raɗin suna ce, ƙasar da ta ba da tuta kuwa ita ce uba. Ka fara wannan aiki a Legas kana saurayi, ka yi karatu a nan Ingila, daga baya wata ƙasa ta bakin teku, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta ɗauke ka a ofishin rajistar jiragenta da ke London. Kai ne mai dubawa, kai ne kuma mai ba da shawarar a karɓi jirgi ko a kore shi.

Abokan aikinka sun san ka da taurin kai guda: ba ka sa hannu a kan jirgin da ƙafarka ba ta taka ba. A zamanin da ake turo hotuna ta kwamfuta a ce an duba, kai sai ka ɗauki jaka ka bi jirgi har inda ya tsaya. Kana da wata 'yar guduma da kake ƙwanƙwasa ƙarfe da ita, ka kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Wannan guduma ba ta bar kowa ba. Ran da na sayi motata ta farko na kawo maka don ka sa albarka, ka zagaya ta kana ƙwanƙwasawa, ka miƙe ka ce da jirgi ce da ba za ka bari ko akuya ta shiga ba. Wata uku ta yi a hannuna.

Kuma in ka shiga jirgi ba ɗakin kyaftin kake fara nufa ba, kicin kake shiga. Ka buɗe tukunya, ka ɗanɗani ruwan sha, ka zauna da masu dafa abinci da masu goge inji. Kafin ka fita sai ka bar musu lambar wayarka. Matarka Hajiya Ummukulthum ta sha yi maka ƙorafi cewa ka mayar mata da gida tasha. Ba ƙarya ta yi ba. Na tarar da 'yan Ghana da 'yan Indiya da 'yan Filifin a kan tabarmarka, mutanen da jirginsu ya tsaya a tashar Tilbury na kwana biyu, ka je ka kwaso su don su ci abinci mai zafi su kira iyalansu. Ita kuwa tana mita tana ƙara musu miya. Ɗaliban da suka zo daga gida ba su san kowa ba, su ma gidanka ne zangonsu na farko, kai kake raka su neman ɗaki, kai kake nuna musu inda ake samun daddawa a kasuwar Woolwich. Ranar Lahadi kuma sai ka kwashi 'ya'yanmu ka hau jirgin fito da su, a tsallaka kogin Thames a dawo, kana nuna musu tutocin jiragen da ke wucewa kana faɗin wace ce ta gaske wace ce ta haya.

Sai maganar jirgin siminti.

Kimanin shekara uku da suka wuce ka je duba wani tsohon jirgin dakon siminti da ke ɗauke da tutar ƙasar da kake yi wa aiki. Ka dawo ranka a ɓace. Ka ce mini an sake wa jirgin nan suna har ba iyaka, in ka shafa jikinsa kana jin tsoffin sunayen a ƙarƙashin fenti. Kwalekwalen ceto ya yi tsatsa ya manne da mazauninsa, famfon kashe gobara ba ya tashi, gudumarka kuma ta kusa huda bango. A kicin ɗinsa ka haɗu da Haggai, ɗan Jos, mai dafa wa ma'aikata abinci. Ya ji ka yi bismilla kafin ka ɗanɗani ruwa, ya gwada gaishe ka da Hausa, kuka ɓarke da hira kamar kun shekara da sanin juna. Ya nuna maka hoton matarsa Kachollom da 'ya'yansu. Ka bar masa lambarka, kamar yadda ka saba.

An ba mai jirgin wa'adi ya gyara, bai gyara ba. Aka ƙara masa, ya sulale da jirgin ya nufi gabas da kaya. A nan ka ba da shawarar a soke rajistarsa, manyanka suka amince. Na tuna lissafinka domin a gabana ka yi shi: babu tashar da za ta yi hulɗa da jirgin da ba shi da tuta, dole ya tsaya, in ya tsaya dole mai shi ya fito ya gyara, mutanen ciki kuma sun tsira daga nutsewa. Doka tana bayanka. Duk wanda ya san aikin ya ce abin da ya kamata ka yi ke nan.

Rabin lissafin ya fita. Jirgin ya tsaya a gaban wata tasha mai nisa, a ƙasar zafi, ya saki anga. Amma mai shi bai fito ba. Da aka bi sawun kamfanin sai aka tarar da allon suna a ƙofar ofishin da ba kowa. Inshora ta janye domin babu rajista. Hukumar tashar ta ce ba za a bar jirgi a ruwanta babu masu tsaro ba, kuma mutanen ciki ba su da izinin sauka. Ƙasar da ta ba da tuta ta ce ai ba jirginta ba ne yanzu. Mutum goma sha wani abu suka zauna a kan ƙarfe, suna hango fitilun gari, ba mai cewa nasa ne.

Kai da bakinka ka ba ni labarin kiran farko. Haggai ya ce, "Baba, an ce an cire mana tuta. Wane ne ya cire?" Kana iya cewa ofis ne, kana iya cewa daga sama aka yanke, kuma ba za a ce ka yi ƙarya ba. Ka ce masa, "Ni ne." Sai ya ce, "To yanzu mu 'ya'yan wa ne?"

Daga ranar ban ƙara ganin Zuberun da na sani cikakke ba. Ka ajiye aiki kafin lokacin ritayarka, domin ofis ya ce shari'ar ta fita daga hannunsa, kai kuwa ka ce ba ta fita daga wuyanka ba. Ka bi ƙungiyoyin ma'aikatan ruwa, ka bi masu agajin coci da na masallaci da ke kai wa jirage abinci, ka bi lauyoyi da ofisoshin jakadanci. Ka sa ni na yi rahoto a kai har editana ya fara kauce mini a hanya. In an ce an ɗage zaman kotu, sai ka tambayi yaushe ne na gaba. Abin da kake nema shi ne kotun can ta ba da umarnin sayar da jirgin, wata ƙasa ta ba shi tutar tafiya ɗaya zuwa inda za a farfasa shi, a sauke mutanen su tafi gida. Kowane mako kana kiran Kachollom a Jos. Ba ka taɓa yi mata alkawarin rana ba, ka dai gaya mata inda aka kwana.

Na sha ce maka ka sassauta wa kanka. Na ce da ba ka sauke tutar nan ba, wataƙila da yanzu gawarwakinsu ake nema. Ka ce ka sani. Ka ce ba ka yi nadamar hana jirgin tafiya ba, abin da ke cin ka shi ne ka yi tunanin ƙarfe ka manta cewa in uba ya janye, waɗanda ke ciki ne suke zama marayu. "Nata'ala," ka ce, "tsakanina da Allah ina da fata. Amma haƙƙin mutane, Shi da kanSa Ya ce sai su sun yafe. Da wane ido zan tashi gaban mutanen nan?" Wannan ce damuwarka, ba ta canja ba har ƙarshe: su koma gida, kuma kada ka shiga kabari da haƙƙinsu.

A ƙarshen bara ɗaya daga cikinsu ya rasu a jirgin, wani dattijo mai kula da inji, ciwon suga, maganinsa ya ƙare. Bayan kwanaki kaɗan Haggai ya kira ka. Layin yana yankewa, man janareta ya kusa ƙarewa, wayar ba caji. Abin da ka iya ji shi ne, "Baba, ka daina wahalar da kanka. Mun zauna dukanmu mun yi magana. Mun yafe ka." Sai layi ya mutu. Ka kira, ka sake kira, shiru. Bai ƙara shiga ba.

Da na zo da yamma na same ka a kujerarka ta bakin taga, ka maimaita mini kalmomin. Ni da nake cin abinci da harshen nan, nan take na ce alheri ne, yafiya suke nufi. Ka girgiza kai. Ka ce da yafiya ce da sun ce "mun yafe maka". "Mun yafe ka" kuwa, a Kanon da ka tashi, magana ce ta iyayen da ɗa ya gagara, su ce mun yafe ka, mun bar wa duniya, babu mu babu kai. Na ce haba Yaya, mu kanmu muna cewa "ka yafe ni", balle mutumin Jos da Hausarsa daban. Ka ce to me ya sa ya fara da cewa ka daina wahala, kuma me ya sa sai bayan sun yi gawa? Na kawo hujja, ka kawo wata. A ƙarshe ka ce mini: "Da ni ne a cikin jirgin nan, na wanke gawar abokina da ruwan gishiri, wace ma'anar kake jin zan nufa?"

Mun kira Kachollom ko ta ji wani abu, ita ma rabonta da muryar mijinta tun kafin nan. Masu kai musu abinci a kwalekwale ba sa jin Hausa, kuma ba tambayar da za a aika ta bakin tafinta ba ce. Ka ci gaba da bin maganar kotu kamar ba abin da ya faru, amma ka daina tsokanata, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. A asibiti, ranar da na gan ka ta ƙarshe, 'yarka Ihsan tana gyara maka matashi tana ce maka, "Baba, please, rest," ka kamo hannuna ka ce, "An same su?" Na ce tukuna. Ka ce, "To." Ka juya fuskarka bango.

Wajen jana'iza liman ya roƙi jama'a, kamar yadda aka saba, duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu-sahu aka amsa an yafe. Na tsaya ina kallon mutanen da ka ciyar, ka raka, ka saukar a gidanka, ina ce wa raina waɗannan ba su da abin yafewa. Waɗanda kake jiran amsarsu suna can kan ruwa, ba su ma san ka mutu ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tsayuwar ba.

A makon farko na azumi kotun ta yi hukunci, a kan takardun da ka daɗe kana tarawa. Aka ba jirgin tutar tafiya ɗaya, aka sauke mutanen. Bayan 'yan kwanaki ina gidanka bayan la'asar, na kawo wa Hajiya cefanen buɗa-baki tunda tana takaba, sai wayarka ta yi ƙara. Ba ta yarda a kashe ta ba, kullum tana sa mata caji. Ta duba, ta miƙo mini.

Haggai ne, daga Jos, gidan cike da hayaniya da guɗa. Yana ta cewa a ba shi Baba, ga Kachollom za ta yi godiya. Na gaya masa. Na ji lokacin da hayaniyar ta mutu a bayansa, na ji babban mutum yana kuka kamar yaro. Da ya lafa na ce ina da tambaya, ya yi haƙuri da ita. Na ce ranar da ya ce maka sun yafe ka, me yake nufi?

Bai ma gane tambayar ba. "Me nake nufi kamar yaya, Malam? Mun yafe shi mana. Mun ji muryarsa ya canja, mun san ba shi da lafiya. Bayan mun rasa tsohon nan muka ce mutuwa ba ya sallama, kar Baba ya tafi da nauyinmu a kansa. Muka taru a kicin, Kirista da Musulmi, kowa ya yi addu'a da yarensa, kowa ya ce ba ya riƙe shi da komai. Sauran cajin da ya rage, aka ce kar kowa ya kira gida, a kira Baba a faɗa masa." Sannan ya tambaye ni, "Ya ji daɗi, ko?"

Na ce masa ka ji saƙon. Iyakar gaskiyar da na iya faɗa ke nan. Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin ta ji komai, ta zauna a ƙasa inda take.

Haggai, na san wannan rubutu zai iya kaiwa gare ka, shi ya sa nake gaya maka a fili: ba ka yi kuskure ba, Hausarka daidai take, kuma abin da kuka yi a kicin ɗin nan ya fi ƙarfin godiyata. Mutumin da kuka kira ya riga ya yanke wa kansa hukunci, kunnensa kuma ya bi zuciyarsa. Abin da ke damuna, kuma zai daɗe yana damuna, shi ne abin da ya fi nema a duniya ya zo masa har cikin kunne, da sauran cajin mutanen da suka fi shekara biyu ba su ga 'ya'yansu ba, ya karɓa a matsayin kora, ya yi makonninsa na ƙarshe da shi a haka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ummukulthum, wadda ta ciyar da baƙin da ba ta san sunansu ba shekara da shekaru; ga Affan da Ihsan; ga 'yan'uwansa a Kano; ga jama'armu ta Woolwich da Plumstead da Catford; da kuma ma'aikatan ruwa na ƙasashe da yawa waɗanda har yanzu suke da lambarsa a wayoyinsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya tsare abin da ya bari. Ina kuma yi wa iyalan dattijon da ya rasu a jirgin ta'aziyya, Allah Ya sanyaya musu.

Yaya Zuberu, duk gardamar da muka yi a duniya kai kake cinyewa, wannan ɗaya ce na ci, kuma ba ka nan balle in yi maka dariya. Mutanenka sun koma gida. Ga saƙonsu kuma, na juya maka shi zuwa Hausarka ta Kano don kada ka sake samun abin cewa: sun yafe maka. Tun kana da rai suka yafe maka.

Ya Allah, bayinKa da aka bari a kan ruwa sun sauke haƙƙinsu daga wuyansa, Kai kuma Ka fi su rahama. Ka gafarta wa Zuberu, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Kuma ya Ubangiji, abin da bai samu ya fahimta ba a nan, Ka sanar da shi a can.